Tagwayen Faifai da Muryar Baba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Umma, ya yara? Ni lafiya lau, abinci ne kawai ya ƙi shiga.

Ka tuna na ce ka goge muryoyin marigayi Baba daga wayarka, na adana su a babbar kwamfutar da na haɗa? Na cika baki cewa faifan ajiyarta tagwaye ne: abin da ɗaya ya rubuta ɗayan zai kwafa, ko ɗaya ya lalace ba asara.

Babu wanda ya lalace, Yaya. Ni na goge muryoyin daga ɗaya bisa kuskure, ɗayan ma ya kwafi gogewar.

Don Allah duba tsohuwar wayar Umma ko akwai sauran muryar Baba a ciki, amma kar ka faɗa mata dalili. Allah ya ƙara mata lafiya.

Ƙanwarka, wadda Baba yake kira Injiniya.