Tambarin da Na Ɗinka a Wandon Bashir

Zuwa ga mahaifina, Malam Umaru Tela,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ɗa ke yi wa uba, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji a makwancinka. Shekara shida ke nan da muka yi maka sutura a Argungu, ban taɓa rubuta maka komai ba. Yau na rubuta, kuma na ajiye wasiƙar inda kowa zai karanta, domin maganar ta riga ta zagaye unguwarmu ta Nasarawa, kowa na faɗinta yadda ya ga dama. Gara ka ji ta daga bakina.

Inna tana lafiya, sai ciwon gwiwa da ke taso mata da damina. Kekenka na ɗinki yana wurina a Birnin Kebbi, da shi nake ci da iyalina. Bashir, autanka da ka bari yana sakandare, yanzu cikakken manomi ne, shinkafa yake yi a fadamar Zauro. A kansa zan yi maka magana, da kuma wani wandon jins.

Ka tuna shagonka na bakin kasuwar Argungu, lokacin da masunta ke kawo maka wandunan da ruwa da ƙaya suka cinye. Ba ka taɓa kallon tufa ta waje. Juya ta kake yi, ka bi ɗinkin da babban yatsa, ka ce mini, "Dibi ciki, Sanusi, nan aikin yake." Kuma in ka kai ƙarshen layi sai ka koma baya sau uku, ka ɗan karkata allura, sannan ka yanke zare. Ban san ranar da hannuna ya ɗauki wannan ɗabi'a ba, amma har gobe haka nake rufe ɗinki.

Bara wani Alhaji mai kantin tufafi a unguwar Gesse ya aiko a kira ni. Ba zan kama sunansa ba. Kanti ne mai ƙofar gilashi, da sanyi, da ƙamshin turare. Ya shigar da ni ɗakin baya, ya nuna mini dilolin jins sababbi, irin waɗanda ake jibgewa a kan tebur a kasuwa. Sannan ya miƙo mini leda cike da tambura na fata da na ƙyalle, masu sunayen manyan kamfanonin Turai. Aikina shi ne in cire tambarin da wando ya zo da shi, in ɗinka masa wani. Alhaji ya ce, "Ba sata ba ta, Sanusi. Suna su ka so, suna mu ka ba su."

Na karɓa, Baba. Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Wata takwas ina yi, a kan kekenka. Aikin ba wuya, kuma tukunyar gidana ba ta taɓa cika irin ta lokacin ba. Na riƙa gaya wa kaina cewa 'ya'yan masu hali ne ke saye, waɗanda ba su san zafin nema ba, in an cuce su ma ba za su ji ba.

Sai bikin Nura ya taso, abokin Bashir tun makaranta, wanda yanzu aikin ofis yake yi. Bashir na cikin abokan ango. Daga baya na ji cewa a zaman farko da suka yi don shirin biki, wani daga cikinsu ya dubi wandonsa ya ce, "Manomi, daga fadama kake ko za ka?" Aka bushe da dariya. Bai gaya wa kowa a gida ba.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci, sai ga shi a ƙofar shagona da leda mai sheƙi a hannu, fuskarsa kamar an yi masa albishir da Makka. Ya ce, "Yaya, dibi wanga. Na Turai na, na ainihi. Buhu biyu na sayar." Ƙugun ya ɗan yi masa yawa, yana so in rage.

Na karɓa na juya shi. A bayan tambarin fata na ga ɗinki ya koma baya sau uku, ya ɗan karkata.

Baba, buhu biyu. Ka san abin da buhu biyu yake a Zauro: ruwa har gwiwa tun asuba, sauro, tsuntsaye, man injin ban-ruwa, da bayan da ba ya miƙewa sai an danna. Wandon kuwa ni na san dilar da ya fito. Da kuɗin buhu biyun nan zai sayi irinsa goma a kasuwa, har ya yi canji.

Da na so, da na rage ƙugun na miƙa masa, ya tafi bikinsa yana taƙama, ba wanda zai sani har abada. Na yi tunanin haka, kuma na daɗe ina yi, yana tsaye yana jira. Sai na ce, "Bashir, ni na ɗinka tambarin ga." Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Na jawo aljihun tebur, na zazzage ledar tamburan a gabansa. Ya ɗauki ɗaya, ya kara da na wandonsa. Dariyar ta ɗauke.

Na rufe shago, na biya kasuwa na sayi jins guda na kan tebur, ni da Bashir muka hau babur zuwa kantin Alhaji a Gesse. Akwai masu sayayya uku ko huɗu a kantin. Na shimfiɗa wandunan biyu a kan teburin gilashi, na juya su, aljihu da aljihu, zif da zif, zare da zare. Alhaji ya taso da sauri, ya rage murya ya ce, "Sanusi, mu shiga ciki mu yi magana." Na ce, "Nan anka sayar mai, Alhaji, nan za mu yi ta." Ya ciro kuɗin Bashir ya ajiye, ya ce kada ya ƙara ganin ƙafata a kantinsa. Na ce dama sallama na zo yi, na ajiye masa ledar tamburansa.

Na fito ina jin kaina wani jarumi. A bakin titi Bashir ya tsaya, idonsa ja, ya ce, "Ka san mi ka yi min, Yaya? Kwana ukku ina tahiya kaina a sama. Ba wando na saya ba." Ya tare wani babur ya tafi. Wata guda da rabi bai taka shagona ba, in na kira ba ya ɗauka. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, domin na san ba Alhaji kaɗai ya cuce shi ba.

Sauran kuma ya biyo baya. 'Yan kasuwa biyu da ke kawo mini ɗinki suka janye, don abokan Alhaji ne. Wasu suka ce na tona asirin sana'a. Ƙanenka Baffa Sule ya taso tun daga Argungu, ya zauna a bencin shago, ya ce, "Kai ad da iyali, Sanusi. Tahi ka ba Alhaji haƙuri, a wuce wurin." Na durƙusa na gaishe shi yadda ka koya mana, na ce, "Baffa, komi ka ce in yi zan yi, ban da wanga." Ba zan je ba, Baba. Wanda nake bin sawunsa da ban-haƙuri ƙanena ne, da duk wanda ya sa wandon da na liƙa wa ƙarya. Alhaji ba ya ciki.

Tun da maganar ta fita, samari ke ta zuwa suna ja da ni. Wai ai na ainihin daban ne, wai don ban taɓa riƙe shi ba. Na riƙe. An sha kawo mini na gaske in rage tsawo ko in canza zif. Kuma ba zan yi ƙarya don in ci gardama ba: wani ya fi. Yadinsa ya fi nauyi, ba ya zuba a ruwa, ɗinkinsa layi biyu ne daidai, zif ɗinsa ba ya cijewa. In an ce ya ninka mai araha sau biyu, ko uku, zan gyaɗa kai. Amma sau goma? A ina? A wane zaren? Na ma ga na gaske da ya zo da gwiwa a yage tun daga kamfani, yadin kamar rariya, wai ado ne.

Ga abin da ya fi ƙarfin gardamarsu. Wata takwas ana sayen aikina a kantin nan. Masu digiri sun sa, 'ya'yan manya sun sa, an ɗauki hoto, an yaba. Ko mutum ɗaya bai dawo ya ce jikinsa ya ji bambanci ba. To me suka saya? Idon mutane suka saya. Mai kuɗin da ya san haka kuma ya ga zai iya, ya saya, kuɗinsa ne, ba ruwana. Amma kada wanda bai taɓa dasa shinkafa ba ya yi wa manomi dariya har ya sa shi sayar da guminsa don ɗan guntun fata da bai kai tafin hannu ba. Wannan ba zan yi shiru a kansa ba, ko da zaren shagona zai ƙare.

Ranar Talatar da ta wuce ina cikin kalmasa wata riga, inuwa ta tare mini ƙofa. Bashir ne, daga gona, laka har idon sawu. Ya jefo mini tsohon wandon aikinsa, ya ce, "Yaya, faci." Ya zauna. Ban tambaye shi komai ba, shi ya fara. Ashe ya je bikin, da jins ɗinsa na kasuwa, wankakke, gogagge. Kuma wancan mai bakin bai fasa ba, ya sake ce masa manomi a gaban mutane, ana tsakiyar cin abinci. Bashir ya ce ya bari sai da ya kai loma baki, sannan ya ce masa, "Manomi ni ke. Shinkahwar ga da kaka ci, ni na noma ta, ni na kawo wa Nura gudummawa. A ƙaro ma?"

Muka yi dariya har maƙwabcina ya leƙo. Da na sunkuya kan keken sai na ga ba na ganin allura sosai. Na ce masa, "Ka yahe min." Ya ce, "Yi min faci mai ƙarhi dai, gobe akwai dashe."

Da ka ga yadda ya zauna, Baba. Kafaɗunka ne, da yadda kake harɗe ƙafa. Ya girma ba ka gani ba, kuma ina jin da ka yi alfahari da shi fiye da ni.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi. Allah ya yafe mini abin da na ci ba da haƙƙi ba, ya ba ni ikon gyarawa. Allah ya sa wa gonar Bashir albarka, ya ƙara wa Inna lafiya, ya sada mu da kai a gidan Aljanna. Amin.

Ɗanka mai kewarka,
Sanusi
Nasarawa, Birnin Kebbi