Ƙorafi Kan Sakamakon da Aka Ba Yayana

Zinatu Abdulrahman,
Bayan Makarantar Firamare,
Bukkuyum, Jihar Zamfara.
14 ga Yuli, 2025.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Kula da Haƙƙin Marasa Lafiya,
Shirin Binciken Cutar Daji ta Mata,
Ofishin Shiyya, Gummi.

Ranka ya daɗe,

Game da: Ɓoye mini sakamakon gwajina

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malamar firamare ce mai ritaya, mijina ya rasu. Ina cikin matan da shirinku ke gwada wa sabon maganin cutar daji ta bakin mahaifa tun watan Janairu. Ga ƙorafina:

1. Ranar da aka ɗauke ni, ma'aikaciyarku Malama Felicia ta yi mini alƙawari baki da baki cewa duk abin da aka gani a jikina, ni za a fara gaya wa. Kan haka na yarda.

2. Ranar 23 ga Yuni, bayan hoton ƙarshe, likita ya kira yayana Sanda ofis, aka bar ni a benci. Na san al'adarmu ce a gaya wa namijin gida labari mai nauyi, kuma ban ce likita ya yi da mugun nufi ba. Amma Sanda rakiya ya yi mini, don shi ke da babur.

3. Da ya fito ya ce da sauƙi. Sanda bai iya ƙarya ba tun muna yara. Shi da kullum sai ya yi faɗa a hanya, har muka iso gida bai yi faɗa da ko direba ɗaya ba.

4. Tun ranar gidanmu ya canza. Bikin 'yata Fa'iza, da aka sa bayan kaka, an dawo da shi wata mai zuwa ba tare da shawarata ba. An shuka gonar wakena ba a tambaye ni iri ba. Matar Sanda, wadda muka shekara ashirin muna cacar baki, yanzu ita ke kawo mini kunu tana sunkuyar da kai. In na shiga ɗaki hira ta mutu. Wallahi, ranka ya daɗe, ban taɓa jin kaɗaici irin wannan ba.

5. An ce in koma asibitin Sakkwato ranar 4 ga Agusta don zagaye na gaba na maganin, wata biyu a kwance. In maganin na aiki, zan tafi, ko da bikin zai wuce ni. In ba ya aiki, a gida nake so in zauna, in sa wa 'yata lalle da hannuna. Ba zan iya zaɓa a makance ba.

Don haka ina roƙon kwamitinku ya umarci likita ya zauna da ni kafin wannan rana, ya faɗa mini abin da ya faɗa wa Sanda, da Hausa, ba ragi. Kada a ji tsoron zan faɗi. Na yi wa mata da yawa wankan gawa a unguwarmu, na san hanyar. Zan zo ni kaɗai, a motar haya.

Ina mai ba da haƙuri in na yi tsauri. Allah ya ƙara girma.

Taku cikin ladabi,
Zinatu Abdulrahman