Amsar da na gyara da hannuna

Assalamu alaikum Malam Edita da masu karatu. Ku sakaya sunana, kuma don girman Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku tsine mini, ni ma na tsine wa kaina ya fi a ƙirga.

Ni ke taya Baturen dabbobi koyar da masu yi wa shanu allurar rigakafin cutar bushiya a nan Sakkwato. In mun dawo daga ruga, kowa sai ya amsa 'yan tambayoyi uku a takarda, ni in duba in kai wa Bature. Cikin ɗaliban akwai wanda zan kira Sahabi, ɗan malamin da ya sauke ni Alƙur'ani a Ƙofar Dundaye. Ranar gwajin ƙarshe aka tambaya, allurar da ta shiga saniya mara lafiya, me ake mata kafin a soka wa wata? Sahabi ya rubuta, "A goge ta da tsumma." Innalillahi! Tafasa ta ake yi! To ni da wace fuska zan kada ɗan malamina, mutumin da har yau ba na shiga zaurensa da takalmi? Na goge, na rubuta masa daidai da fensirina. Abin da ya fi ci mini rai, ban ma kira shi na gaya masa ba, kunya ta hana ni, wai kada ya san ya faɗi.

Aka tura shi wata ruga bayan Kalambaina. Yanzu shanun wani Ardo na ta mutuwa, har da waɗanda lafiyarsu ƙalau kafin allura. Bature ya zaro takardar nan a gabanmu, ya ce wa Sahabi, "Ga shi ka sani, ka rubuta da hannunka, ganganci ka yi." Jibi za a kai shi gaban alƙali. Sahabi ya dubi rubutun, ya ɗago ya dube ni. Wallahi ya gane hannuna.

Jiya tsohon malamin nawa ya aiko aka kira ni, ya riƙe mini hannu ya ce, "Ɗana, kai ad da kunnen Nasara, ka tsaya ma ƙanenka." Na ce to.

In na yi shiru, rubutuna ne zai ɗaure Sahabi. In na faɗa, aikina ya tafi, kuma shanun Ardo ba za su tashi ba. Jama'a, jibi ne fa. Ni me zan yi?