Ƙwaryar Inna a Bakin Ƙofa

Asabar, 20 ga Afrilu, 2024

Lallen Amira, 'yar Sa'adatu. Tun ƙarfe tara nake durƙushe, mata goma sha ɗaya na yi wa zane ban da amarya, bayana kamar an daka shi a turmi. Amma ba gajiya ce ta sa na ɗauko littafin nan ba. Sa'adatu ta yi rawa.

Sa'adatu fa, ƙawata tun muna 'yan mata muna tallar ƙosai a bakin Masallacin Koudoukou. Shekara goma rabon da in ga dariyarta ta gaske, tun da aka kashe mijinta Siddiq a lokacin rikici, ta gudu Kamaru da yarinya a hannu, ta dawo shiru-shiru. Kuma Amira 'yar fari ce, ko sunanta ba ta faɗa, "yarinyar nan" take cewa. Uwar amarya ɓuya take yi, haka muka taso muka gani. To bayan la'asar aka rufe ƙofa, ya zama mu ya mu. Gwaggo Tasalla, tsohuwar ƙawar Innata, ta kifa ƙwarya a ruwa ta kama kiɗan zamaninsu. Sai kawai Sa'adatu ta miƙe. Ɗankwali ya faɗi, ba ta waiwaye shi ba. Tana rawa tana kuka tana dariya, duk a haɗe. Ni ma na yi hawaye.

Wayata tana kan sandarta tana ɗaukar ƙafar amarya. Na juya ta wajen Sa'adatu. Ban yi shawara da kaina ba, hannun ne ya saba.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Ƙanwata Ikram ta zo, ta kalli bidiyon rawar sau uku. Ita ta buɗe mini shafin TikTok ɗin tun farko, ta fi ni sanin kan abin. Ta ce, "Yaya, ki saka wannan. Mutane sun gaji da kallon ƙafa." Gaskiyarta ne. 'Yan matan da suka buɗe shagon lalle a Titin Koudoukou ko zanen fulawa ba su iya ja daidai ba, amma sun iya rawa gaban waya, amare kuwa can suke tururuwa.

Na ce sai na tambayi Sa'adatu. Ban tambaye ta ba, don na san abin da za ta ce. Na saka.

Laraba, 24 ga Afrilu

Mutum dubu arba'in sun gani. Saƙonni daga Douala, daga Njamena, har Kano. Amare huɗu sun kira. Ba zan yi wa littafina ƙarya ba, na ji daɗi, har tafiyata ta canza a layi.

Akwai maza a ƙasan bidiyon suna rubuce-rubuce. Wani ya ce, "Bazawarar nan a wace unguwa take?" Na goge. Kafin in gama shanya wanki, wasu biyu sun fito.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Na kira Sa'adatu, ba ta ɗauka ba. Ƙila ba caji, wuta ta ɗauke tun jiya.

Asabar, 27 ga Afrilu

Lalle a gidan wani mai sayar da atamfa, bayan kasuwa. Na shiga da sallama, na kafa sandata da fitilar nan mai zagaye. Ina jin hayaniya tun daga zaure, amma ina shiga ɗakin ya mutu. Kowa ta gyara mayafi. Wata ta juya mini baya tana shayar da ɗanta a ƙarƙashin hijabi, cikin wannan zafin. Mai kiɗa ta buga ta buga, ba wadda ta tashi. Sai ka ce zaman makoki.

Wata dattijuwa ta miƙo mini hannu, ta janye fuskarta gefe ta ce, "Hannun kaɗai, 'yar Mero. Fuskar ta mijina ce." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ni ma na yi.

'Yar Mero. An daɗe ba a kira ni haka ba, da sunan Inna.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Ruwa tun safe, ba fita. Inna nake ta tunawa.

Yadda take jiƙa lalle tun da hantsi a babbar ƙwaryarta, ta matsa lemun tsami, gidan duka ya ɗauki ƙamshi. Ba zanen fulawa a lokacin, ba dayis. Ƙunshi ne sosai, a naɗe ƙafa da ganye da tsumma, a zura hannu a zunguru, amarya ta yini a zaune tana mita ana tsokanarta. Ni ke riƙe mata zare. In mun isa gidan biki, kafin ta taɓa kowa sai ta cire zanenta na sama ta rataye a ƙofa. Shi ke nan, ko mai gida bai isa ya leƙo ba. Mai hoto ma a waje yake jira da akwatinsa har sai an kira shi. A bayan zanen nan na ga matan alhazai suna rawar da ba zan rubuta ba ko a nan. Matan maƙwabta masu jin yaren Sango zalla su ma su shigo, a cakuɗa waƙa, ba wadda ke jin ta wata amma ana amshi.

In mun fito, a hanya sai in fara, "Inna, kin ga wance..." Sai ta ce, "Ban gani ba. Ke ma ba ki gani ba." Haushi nake ji a lokacin.

Talata, 30 ga Afrilu

Na haɗu da Sa'adatu wajen masu ganyen rogo. Ta rame ko idona ne. Na so ta zage ni, ba ta zage ni ba. Ta ce, "Surukina ya gani." Zaharaddini, angon Amira. Abokansa ne suka nuna masa a tashar babura suna tafi. "Ya zo gaishe ni shekaranjiya. Ko ta bayan labule na kasa amsa masa."

Na fara kame-kame, wai ai kowa yabo yake, wai ta yi kyau. Ta dube ni ta ce, "Ruƙayya, na ɗauka a ɗaki nake."

Ta biya mai ganye ta tafi. Na tsaya a wurin har matar ta tambaye ni da Sango ko zan saya ko in matsa.

Laraba, 1 ga Mayu

Na goge. Ikram ta ce aikin banza ne, wasu sun riga sun kwashe, har an ɗora masa wani kiɗan. Na duba, haka ne. Na zauna a bakin gado ina jin kunya kamar ni aka tuɓe.

Juma'a, 3 ga Mayu

Na kai wa Gwaggo Tasalla mangwaro, ina neman wanda zai ce mini abin bai kai haka ba. Na zaɓi mutumin da bai dace ba. Ta ci mangwaronta tas, sannan ta ce, "Uwarki ta shiga ɗakin kowace mace a unguwar nan tamu ta Kilomita Biyar. Ta ga tabon duka, ta ga amarya da cikin wata uku, ta ga mai sanƙo a ƙarƙashin ɗankwali. Ta tafi kabarinta da su. Kin ɗauka don iya ƙunshi ake kiranta? Ƙunshinta ma wani lokacin ba ya kamawa."

Na yi dariya ina kuka. Gaskiya ne, ba ya kamawa.

Da na dawo na sauko da ƙwaryar Inna daga saman kabad. Ta tsage a gefe, ba za ta riƙe ruwa ba.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na faɗa wa amaren nan huɗu sharaɗina. In na shiga ɗaki, kowa ta ajiye wayarta a ƙwarya a bakin ƙofa, tawa ce ta farko. Hoton hannu da ƙafa in an gama, a tsakar gida, ga wadda take so. Uku sun ce sun fasa. Ɗaya ma dariya ta yi, ta ce, "Mama, a wace shekara kike?" Bikin da ba a nuna shi kai tsaye ba ai kamar ba a yi ba, in ji ta.

Ikram ta ce na kashe kaina da hannuna. Ƙila. Na ji zafin tafiyarsu, ba wai ban ji ba. Na je gidan Sa'adatu na ba ta haƙuri ba tare da "amma" ba. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ba ta ce in zauna ba.

Asabar, 18 ga Mayu

Lallen amarya ta huɗu, jikar ƙanwar Gwaggo Tasalla. Na rataye zane a ƙofa, na ajiye ƙwaryar Inna, na jefa wayata. 'Yan mata suka yi ta ƙunƙuni da Sango, ɗaya ta ɓoye tata a rigar mama, Gwaggo ta sa hannu ta zaro ta da kanta. Ƙwaryar ta cika har ana ɗorawa a kan juna.

Da farko kowa ba ta san inda za ta sa hannunta ba. Can wata ta rangaɗa guɗa. Ban san lokacin da ɗakin ya kama ba, na dai ɗago kai na ga matar limamin layinmu a tsakiya, ɗankwali a kugu.

Sa'adatu ta zo, ban zata ba. Ba ta yi rawa ba. Ta zauna a lungu, mayafi har goshi, tana kallon ƙwaryar. Da aka kusa tashi ta matso, ta miƙo mini hannun hagu. Na yi mata na da, jan tafi kawai. Da zafi ya ishe ta sai ta sauke mayafin kan kafaɗa.

Sai da na iso ƙofar gida na tuna na baro wayata a ƙwarya. Gobe na aika a karɓo, ko jibi.

Ikram ta tare ni tana tambaya, wai gaskiya ne matar liman ta yi rawa? Na ce ban gani ba.