Gishirin da Shanu Suka Lashe

Bolari, Gombe
Talata

Dadata,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ƙafar nan taki ta yi sauƙi, kowa na ruga kuma yana ƙalau. Man shanun ya iso, tare da godiyarki a kan gishirin da wai na aiko wa shanu. Dada, ban aiko da gishiri ba. Ina wannan rubutu cike da haushi.

Kin san wata huɗu ke nan ina shirya ɗakin da kamfaninmu zai kafa babbar na'urar rarraba intanet, mai tsayin ƙofa. Na sa an shimfiɗa tayil, an kafa na'urorin sanyaya ɗaki, an ja wayoyi. Abin da ya rage rami ne a bayan ginin: a kafa sandar jan ƙarfe, a cika da gawayi da gishiri, don in aradu ta faɗo ta bi ƙasa, kada ta ƙona na'urar. Buhu shida na gishiri na bar wa Kawu Aƙilu, ƙanin nan naki da kika matsa min na samar masa gadi, ya tsaya a zuba.

Jiya Injiniya Donatus ya zo daga Abuja ya auna ramin, awo ya ƙi. Aka tone a gabana. Gawayi da yashi! Da na tsare Kawu ko kunya bai ji ba, wai bai taɓa ganin mai hankali ya binne gishiri ba alhali shanu na lasar turɓaya. Wallahi ji na yi kamar in shaƙe shi.

An dakatar da kawo na'urar. Aka ce in rubuta sunan mai laifi kafin azahar ɗin yau. In mai gadi ne, sai 'yan sanda. In ni ce, a cire ni daga aikin a ba wani.

Na ɗauki biro zan rubuta sunansa, sai ga man shanunki, da labarin kin zaga ruga kina gaya wa mata 'yarki ba ta manta da shanu ba.

Sunana na rubuta, Dada. Ki gaya wa Kawu kada ƙafarsa ta sake taka Bolari. Matan ruga kuwa ki gaishe min da su, amma kada ki gaya musu komai.

'Yarki,
Hanifa