Na Nemi Albashi, Sun Kawo Goron Aure

Inna Raishatu, ki taimake ni da shawara kafin watan gobe ya tsaya, don wa'adi aka ba ni, ni kuwa kaina ya ɗaure. Ki yi haƙuri da rubutuna. Da furfurata na koya a makarantar yaƙi da jahilci, shi ya sa layin yakan hau tudu ya gangara kwari.

Ni bazawara ce, mutuniyar Ollelewa, shekaruna arba'in da biyar ko sun ɗan gota. Shekarar babban fari dabbobinmu suka ƙare, da shekara ta zagayo maigidana ya bi su, Allah ya jiƙansa. Ɗiya guda gare ni, tana gidan mijinta, su ma da ƙyar hatsinsu ke kai su damina. Shi ne na taho Belbeji neman abin yi, Allah ya haɗa ni da gidan wani tsoho. Bari in ce masa Alhaji Mato, ba sunansa ba ne amma ya dace da shi.

Alhaji dillalin raƙuma ne a zamaninsa, an san shi daga nan har Agadas. Shekara huɗu ke nan da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Matansa biyu duk sun riga shi gidan gaskiya, ƴaƴansa mata suna gidajen aurensu. Maza biyu ne: Mahmudu malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Damagaram, Hamidu kuwa kullum yana bisa kamyonsa, babbar motar kaya, tsakanin Tanut da Kano. To ni ce na zama ɓarin Alhaji na hagu. Ni ke tayar da shi, in juya shi, in yi masa wanka da alwala, in gasa masa ƙafa in shafa man shanu, in fitar da abin da ba a faɗa a jarida, in wanke shimfiɗa. Bakinsa kam ko kaɗan bai shanye ba. Kunu ma sai mun yi ciniki. In ce ludayi goma, ya taya uku, mu shirya a bakwai, kuma ya ce na cuce shi.

Abin da nake samu shi ne abinci da ɗaki da turmin atamfa da salla, sai abin da Hamidu ke kira kuɗin sabulu, wanda yake miƙo mini in ya tuna. In na ɗan yi gyaran murya a kan maganar, sai a ce haba, ai ni ta gida ce.

Ana nan, bayan kaka, wani Ɗan Azumi ya sauka garinmu ranar kasuwa. Kuku ne a Damagaram, kuma ɗan sandika ne, wato ƙungiyar ma'aikata. Ya tara mu a gidan Indo mai fura, mu tara, masu jinyar tsofaffi da masu reno da wanki a gidajen mutane. Ya ce abin da muke yi aiki ne, daidai da na direba ko na mai shara a biro, wato ofis. Ya ce akwai albashin da doka ta yanka, da hutun yini guda a mako, da kwanje, wato dogon hutu, a shekara, kuma a kan maigida yake ya rubuta sunan mai aikinsa a Kes, inda ake tara wa ma'aikaci kuɗin tsufa. Da ya ambaci hutu, ƙawata Balki ta yi dariya har ta ƙware da fura. Ni kuwa maganar kuɗin tsufan nan ce ta tsaya mini a rai, don bayana ya fara ƙara kamar tsohon ƙyaure, kuma ba ni da ɗa namijin da zan jingina da shi.

Aka ce a zaɓi dalage, mai magana da yawun sauran. Kafin in buɗe baki duk an nuno ni, wai na iya karatu kuma bakina ba shi da murfi. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Har karti aka aiko mini da hotona a jiki, na fito kamar wadda aka kama da akuyar sata, amma dai ni ce.

Da babbar salla Mahmudu ya zo gida. Na bari ya ci nama ya ƙoshi, sannan na durƙusa na karanta masa takardar da Ɗan Azumi ya bar mana. Ya saurara, ya gyara tabarau, ya ce zai yi shawara da ƙanensa. Kwana uku sai ga su su biyu, da kawunsu, da ƙullin goro. Wai liman ya daɗe yana nuna musu bai dace mace ta riƙa wanke namijin da ba muharraminta ba, kuma abin yana ci musu rai. Mafita ita ce a ɗaura mini aure da Alhaji. Za a ba da sadaki, a shafe mini ɗaki, in zama uwarsu. Maganar albashi da Kes kuwa ta faɗi ke nan, don wa ya taɓa jin an yanka wa matar gida albashi?

Inna, shekara huɗu ina wanke mahaifinsu, ba su lura ni mace ce ba sai ran da na ce albashi! Liman ya faɗa kam, tun shekarar farko ya faɗa, ni ma abin yakan dame ni in na tsaya salla. Amma a lokacin Hamidu da bakinsa ya ce larura ce, larura kuwa ba ta da laifi.

Labari ya zaga gari tun kafin in tauna goron. Balki ta daina amsa gaisuwata, tana cewa an saye dalage da ƙwaryar goro guda. Ban ga laifinta ba, don sauran masu gida sun zuba ido su ga yadda tawa za ta kaya. Dado, ɗaya daga cikinmu, da ta kai tata takardar, sallamarta aka yi, yanzu dakau take yi gida-gida. Indo kuma tana ta tsiya, wai in dabarar nan ta ci, kafin damina Belbeji za ta cika da amare masu furfura.

Ga kuma abin da ban faɗa wa kowa ba. Tsohon nan ba na ƙinsa. Da aka gaya masa maganar, sai ya sa na wanke masa hularsa ta zuwa Makka, ya aika aka sayo turare. Tun ranar yake shanye kunu ludayi goma ba ciniki, in mun haɗa ido ya juya yana kallon rediyo. Ni ma, tsofai-tsofai da ni, sai na tsinci kaina ina sa kwalli. Kuma ina tunani, ran da Allah ya karɓi abinsa, mai aiki ƙullin kayanta za ta ɗauka ta fita, matar gida kuwa ko ba komai tana da ɗakin da za ta yi takaba.

In na ƙi, ina tsoron a sallame ni kamar Dado, a kawo wadda ba ta san ta ina ake kama shi ba. In na yarda, na kunyata mata takwas da suka ɗaga ni, kuma aikin da nake yi da kuɗin sabulu zan koma yi kyauta. Kunya ta hana ni tambayar kowa a garin nan. Wanne zan kama, karti ko goro?

Taki,
Dalage Mai Kwalli, Belbeji.

AMSAR INNA RAISHATU

Ƴar'uwa Dalage, rubutunki ya karantu sarai, ko wasu masu satifiket ba su kai ki jera magana ba. Na yi dariya, na kuma tausaya miki. To gyara zama.

Ruwa ba ya tsami banza. Tsoron Allahn da ya yi shekara huɗu yana barci, ya farka kwana uku bayan an ambaci albashi, ke ma kin san abin da ya tashe shi. Amma kada haushin ƴaƴan ya sa ki watsar da maganar gaba ɗaya. Liman gaskiya ya faɗa, kin kuma ce abin yana damunki. Aure irin wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarku ta Damargu, kuma ba abin kunya ba ne. Matar aure tana da sadaki, da ci da sha da sutura a matsayin hakki ba alfarma ba, da ɗaki, da tumunin gado tunda ba wata matar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga macen da ba ta da gona ba ta da garke.

Sai dai akwai rami a nan. Ni ba malama ba ce, amma na san malamai suna da magana a kan auren majinyaci. Bakin da ya ce miki larura jiya, ya ce haramun yau, shi zai iya cewa gobe ai Baba ba shi da lafiya lokacin da aka ɗaura, saboda haka babu gado. Kin ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. In za a yi, a fara kai maganar gaban alƙali ya duba halin da tsohon ke ciki, a ɗaura gaban shaidu, a yi takardar aure, ki ɓoye ta inda kike ɓoye kartinki.

Shi ma kartin kada ki ɗauka aljanna ce. Aikin jinya yana ƙarewa ran da majinyaci ya tafi, kuɗin tsufa kuwa sai an yi shekaru ana zubawa kafin a ci. Ki tambayi Ɗan Azumi dalla-dalla abin da mai shekarunki za ta iya samu, ki kuma tambaye shi matsayin shekara huɗun da kika riga kika yi, da maganar Dado. Aikin sandika ke nan, ba ɗaukar hoto kawai ba. Ya zo ya zauna da Mahmudu. Malamin lakwal ya san sandika sarai, in kin bincika shi ma yana da karti a aljihunsa, kuma ba na jin zai yarda a biya shi da atamfa.

Akwai mutum ɗaya da na ga kowa ya tsallake, har ke. Alhaji ɓarin jikinsa ne ya shanye, ba hankalinsa ba. An gaya masa, amma wa ya tambaye shi? Ki sami hantsi guda bayan ya sha kunu, ki kashe rediyon nan, ki tambaye shi ko mata yake so ko mai jinya. Ki gaya masa maganar albashin da bakinki. Mutumin da ya yi rayuwarsa a dillanci ya san abu mai daraja ba a karɓarsa kyauta, kuma dukiyar tasa ce tukuna, ba ta ƴaƴansa ba.

In kin ji amsarsa ta kwanta miki, kuma kwallin nan bai daina kai kansa idonki ba, to ki karɓi goro, amma da sharaɗi guda. Ki ce wa Mahmudu da Hamidu kin amince ki zama uwarsu. Uwar malamin lakwal da mai kamyo kuwa, mai ciwon baya, ba a barinta ita kaɗai da ɗaga majinyaci da wankin shimfiɗa. Wanka da alwala naki ne, tunda don su aka ce a yi auren. Sauran aikin a ɗauko miki mai taimako. Ga Dado nan tana dakau. A ɗauke ta da albashin da doka ta yanka, da hutunta na mako, a rubuta sunanta a Kes tun kafin a shafa fatiha.

A nan za ki gane gaskiyarsu ba tare da kin yi faɗa da kowa ba. In sun amince, aure suke nufi, kin sami ɗaki, Dado ta sami aiki, gidanku ya zama na farko a Belbeji da ya bi ƙa'ida, sauran masu gidan da suka zuba ido kuma su ga dabarar ta fi albashi tsada. In kuwa suka fara duban juna suna tari, to albashi suke gudu, sai ki mayar musu da goronsu cikin mutunci, ki riƙe kartinki, ki bar Ɗan Azumi da mahaifinsu su yi magana da su. Ba na jin za su yi saurin sallamar wadda tsoho ya sayi turare dominta.

Kafin duk wannan, ki je gidan Indo ki tara matan nan ki faɗa musu abin da za ki yi, kada su ji a bakin rijiya. Su suka ɗaga ki, suna da hakkin ji daga gare ki. In auren ya tabbata, ki miƙa wa Balki muƙamin dalage, tunda na ga ita ma bakinta ba shi da murfi.

Shekara huɗu kina ciniki da dillalin raƙuma a kan ludayin kunu, kuma kullum ke ke kai shi bakwai. Kada ki zo kan naki cinikin ki sallama a tayin farko.

Allah ya ba Alhaji sauƙi, ya sassauta miki ciwon baya, ya zaɓa miki abin da ya fi alheri. In an sa rana, a aiko mini da nawa goron, tare da labarin albashin Dado.

Inna Raishatu