Takalman Baba a Ƙofar Fada

Mubi, 6 ga Maris, 2016

Zuwa ga yayana Ya'akubu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya Jos, yaya Liyatu da yara? Mu nan lafiya lau, sai zafi.

Na samu saƙonka cewa bayan Ista za ka zo ka ɗauke Baba ya koma wurinku. Ban ga laifinka ba. Tun da muka dawo daga gudun hijira, Baba ba ya cire takalmi sai zai yi wanka, da su yake kwana. Ka san ranar da 'yan bindiga suka shigo Mubi ba takalmi ya fita, haka ya taka duwatsu har Kamaru. Ƙafar ta warke, amma hankalinsa bai kwanta ba. Ko zancen gonarsa ta ƙauyen Duvu ba ya so a yi.

Tsorona shi ne, in ka raba shi da garin nan, ɗan abin da ya rage masa ma zai tafi. Ka ba ni zuwa Ista. Maƙwabciyarmu Hussaina za ta kai baƙinta ganin fadar Sarki ranar Asabar, na roƙe ta mu bi su, ko Baba zai ɗan sha iska. Ya tsufa a ƙasar nan bai taɓa leƙa ciki ba.

Ƙanwarka,
Susana

Mubi, 13 ga Maris, 2016

Yaya Ya'akubu,

Ina gaishe ka da iyali, da fatan kuna lafiya.

Mun je fada jiya. Abu ɗaya na manta: ba a shiga da takalmi. Mu da a coci ba ma cirewa, sam bai zo mini a rai ba. Baƙin Hussaina suka tuɓe nasu suka wuce, Baba ya ja ya tsaya a bakin zaure. Na riga na yanke shawarar mu koma gida.

Sai wani dogari dattijo ya matso. Bai tambayi kome ba. Ya nuna wa Baba nasa takalman a gefe, ya juya su suna fuskantar titi. Ya ce tun shekarar gudu haka yake ajiye su, don in ta ɓaci mutum ya zura ƙafa kawai. Ya ce Baba ya ajiye nasa kusa da su, shi zai tsaya a kansu.

Baba ya dube shi, sannan ya sunkuya ya cire.

Mun ga zaurukan, da manyan tambura, da inda ake zaman fadanci. Ni rabin hankalina na kan ƙafafun Baba. A farfajiya ya tsaya ƙarƙashin wata bishiya, ya cusa yatsunsa cikin ƙasa, ya ce wannan ƙasar gyaɗa ce, an yi asararta da aka bar ta fili. Har Hussaina sai da ta yi dariya. Rabon da in ji ya yi maganar noma tun kafin gudu.

Ba zan ce maka ya warke ba, don da takalmin ya kwana. Amma da muka taso coci yau ya aike ni gidan maƙwabcinmu Hayatu in tambayo ko zai kai shi Duvu a babur gobe, ya ga abin da ciyawa ta yi wa gonar.

Ko sunan dattijon nan ban tambaya ba. Ku sa shi a addu'a, shi da Hussaina. Ka zo Ista mu ci tare, amma ɗakin da kuka gyara wa Baba, ku bar wa yara.

Ƙanwarka mai godiya,
Susana Jatau